Mai fallasa almundahana a wurin aiki: abin da ya kamata ku sani game da kariyar doka

Duk wata babbar sata da aka tafka a ofis, akwai wanda ya gan ta. Akawun da ya rubuta takardar biyan kuɗi ya gani. Mai kula da sito da ya ƙirga kwalayen magani ya tarar ba su cika ba ya gani. Direban da aka ce ya sauke buhunan taki a wani gida maimakon rumbun gwamnati, shi ma ya gani. Yawancinsu shiru suke yi. Sun san abin ba daidai ba ne, sai dai sun ga yadda ta ƙare da waɗanda suka buɗe baki kafin su.

Idan kana aiki a ƙarƙashin wani, a gwamnati ne ko a kamfani, wata rana za ka iya tsintar kanka a irin wannan matsayi. Ga bayanin abin da doka ta tanadar maka, da abin da ba ta kai ga tanada ba tukuna.

Wane ne mai kwarmata bayani?

Shi ne mutumin da ya ga ana aikata laifi ko ɓarna a wurin da yake aiki, ya kai rahoto ga wanda ke da ikon hanawa. Laifin na iya zama satar kuɗi, karɓar cin hanci, cusa ma'aikatan bogi a jerin masu albashi, ko ƙara farashin kwangila. Ma'aikatan bogi su ne sunayen mutanen da ba sa aiki, wasu ma sun rasu ko ba a taɓa haihuwarsu ba, amma duk wata ana fitar da albashi da sunansu. Ba kuɗi kaɗai ba: sayar da maganin da wa'adinsa ya ƙare, zuba dattin masana'anta mai guba a rafin da mutane ke sha, ko rage rodi da siminti a ginin makaranta, duk suna ciki.

Abu biyu ne suka bambanta shi da sauran masu ƙorafi. Na farko, ta hanyar aikinsa ya samu labarin, don haka ya san abin da mutanen waje ba su sani ba. Na biyu, cutar da yake magana a kai ta shafi jama'a. Idan shugabanka ya hana ka hutu ko ya danne maka ƙarin girma, wannan ƙorafin kanka ne, kuma yana da tasa hanyar. Amma idan ka gano ana karkatar da kuɗin fansho na duka ma'aikata, wannan magana ce ta al'umma.

Ba sai kana babban ma'aikaci ba. Masinja, mai shara, ɗan kwangila, ɗalibi mai koyon aiki, har wanda ya riga ya bar aikin, kowa na iya zama mai kwarmato.

Wannan ba gulma ko tonon silili ba ne?

Tambaya ce mai nauyi, domin mun taso a cikin al'ummar da ke girmama rufin asiri, kuma addini ya yi hani mai tsanani ga giba da annamimanci. Shi ya sa wanda ya fasa ƙwai a ofis yakan sha sunaye: munafuki, ɗan baƙin ciki, mai hana ruwa gudu. Wani zai ce masa, "Kuɗin ubanka ne?" Wani kuma ya ja shi gefe ya ce, "Kai ne za ka gyara ƙasar nan? Ka yi aikinka ka koma wajen iyalinka."

Sai dai malamai sun daɗe da raba waɗannan abubuwa. Imam Nawawi, a cikin Riyadus Salihin, ya jero wurare shida da ya halatta a ambaci aibin mutum a bayan idonsa. A cikinsu akwai kai ƙarar zalunci ga shugaba ko alƙali, da neman taimakon wanda zai iya kawar da mummunan aiki, da gargaɗin mutane kada a cuce su. Annamimi yana ɗaukar magana daga nan zuwa can don ya haɗa husuma. Mai kwarmato kuwa yana kai magana ne wurin da aka ajiye don gyara.

Rufin asirin da ake yabo shi ne rufa wa mutum kuskuren da ya tsaya a kansa. Wanda ya kwashe kuɗin maganin asibitin ƙauye kuwa, rufa masa asiri na nufin a bar mai naƙuda ta je ta tarar babu ko ruwan da za a ƙara mata. A nan akwai haƙƙin mutanen da ba su ji ba, ba su gani ba.

Me ya sa sai an yi masa doka ta musamman?

Saboda wanda kake kai wa ƙara sau da yawa shi ne mai sa hannu a takardar albashinka. A ce kai akawu ne a wata ƙaramar hukuma, ka lura an biya kuɗin haƙa rijiyoyin burtsatse goma, kai kuma ka san guda uku aka haƙa. Ka rubuta rahoto. Ba lallai a kore ka a ranar ba. Za a fara da takardar tuhuma a kan makarar da ka yi wata uku da suka wuce. Sai a ɗauke fayiloli daga teburinka. Sai ka ga an canza maka wurin aiki zuwa wani ƙauye mai nisa da iyalinka. Albashinka ya maƙale, a ce ana bincike. Abokan aikin da kuke cin abinci tare su fara kauce maka. Daga nan wasu dattawa su je wajen mahaifinka su ce a ja maka kunne. Kowane mataki, idan aka dube shi shi kaɗai, kamar harkar ofis ce ta yau da kullum. Idan aka haɗa su, bita-da-ƙulli ne tsagwaronsa. Dokar aiki ta gama-gari ba ta cika kama irin wannan ba, shi ya sa ake buƙatar doka da ta san shi da sunansa.

Shirun ma'aikata kuma yana cin rayuka. A watan Maris na 1987, wani jirgin ruwan fasinja na Birtaniya mai suna Herald of Free Enterprise ya kife jim kaɗan bayan ya bar tashar Zeebrugge ta ƙasar Beljiyam, saboda ya tashi ƙofofinsa na gaba a buɗe. Mutum 193 suka mutu. Bincike ya nuna cewa tun kafin hatsarin matuƙan jiragen kamfanin sun nemi a sa musu fitilar da za ta nuna ko an rufe ƙofofin, amma manyan kamfanin suka yi biris. Wannan da wasu haɗurra makamantansa na cikin abin da ya kai Birtaniya ga kafa dokar kare masu fallasa a 1998.

Me Najeriya ke da shi a halin yanzu?

A watan Disamba na 2016, Majalisar Zartarwa ta Tarayya, a zamanin Shugaba Muhammadu Buhari, ta amince da tsarin kwarmata bayanai a ƙarƙashin Ma'aikatar Kuɗi, lokacin Kemi Adeosun na minista. Tsarin ya buɗe hanyoyin kai rahoto ta waya, saƙon tes, imel da shafin intanet, kuma an yarda ka ɓoye sunanka.

Abin da ya fi jan hankalin jama'a shi ne tukuici. Idan bayaninka ya sa aka ƙwato kuɗin gwamnati, za a ba ka tsakanin kashi 2.5 zuwa kashi 5 cikin 100 na abin da aka ƙwato. Amma da sharaɗi: dole bayanin ya zama sabo, wanda gwamnati ba ta da shi kuma ba za ta iya samunsa a fili ba, sannan ya zama shi ne ya kai ga ƙwato kuɗin. Idan ba a ƙwato komai ba, babu tukuici.

Da farko abin ya yi tasiri. A watan Afrilun 2017, hukumar EFCC mai yaƙi da masu yi wa tattalin arziki ta'annati ta buɗe wani gida a benen Osborne da ke unguwar Ikoyi a Legas, ta tarar da tsabar kuɗi sama da dala miliyan 43, da fam dubu 27 da ɗoriya, da naira miliyan 23. Kotu ta miƙa kuɗin ga gwamnati, kuma lamarin ya yi sanadin sauke shugaban hukumar leƙen asiri ta ƙasa, Ayo Oke. A watan Yunin shekarar, Ma'aikatar Kuɗi ta sanar da biyan naira miliyan 375.8 ga masu kwarmato 20.

Daga baya kasuwar ta ja baya. A watan Disamba na 2022, ministar kuɗi ta lokacin, Zainab Shamsuna Ahmed, ta bayyana cewa tsarin ya yi sanyi, kuma binciken da suka yi ya nuna mutane na tsoron abin da zai same su idan suka yi magana.

To ai akwai tsari, mene ne bambancinsa da doka?

Nan ne gizo ke saƙar. Tsari shawara ce da ɓangaren zartarwa ya yanke wa kansa. Gwamnatin da ta kawo shi za ta iya sauya shi ko ta jingine shi, wadda ta gaje ta kuma ba dole ba ne ta bi. Doka kuwa sai ta bi ta majalisa, shugaban ƙasa ya sa hannu, sannan ta hau kan kowa, kuma alƙali zai iya hukunta wanda ya karya ta. Tsari kamar rumfar kara ne: za ka sha inuwa, amma ranar da hadari ya taso ba za ka so a ce nan ne makwancinka ba.

Tsarin 2016 ya ce bai kamata a muzguna wa mai kwarmato ba, kuma wanda aka cuta zai iya kai kuka. Sai dai tsari ba ya iya ƙirƙiro laifi ko ya yanka wa mai ramuwar gayya hukunci. Wannan aikin doka ne.

An yi yunƙurin yin dokar ba sau ɗaya ba. Majalisar Dattawa ta amince da wani ƙudiri a 2017, bai kai ga zama doka ba. A Disamba 2022 Majalisar Zartarwa ta amince da wani sabon daftari, majalisar dokoki ta ƙasa ta tara kuma ta kammala wa'adinta a Yunin 2023 ba tare da ya zama doka ba.

Ma'aikata sun ɗanɗana kuɗarsu a wannan giɓi. Aaron Kaase, ma'aikaci a Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, ya kai ƙorafi a 2015 kan zargin almundahana a hukumar. An dakatar da shi, ya shafe shekaru a waje kafin a mayar da shi. Ntia Thompson, mataimakin darakta a wata hukuma da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Waje, ya kai rahoton zargin karkatar da kuɗi, aka sallame shi a farkon 2017. Sai da 'yan jarida da ƙungiyoyin farar hula suka tsaya tsayin daka kafin a dawo da shi. Girman muƙami ma ba ya hana a taɓa mutum. A Fabrairun 2014 aka dakatar da Sanusi Lamido Sanusi daga gwamnan Babban Bankin Najeriya, bayan ya ce kamfanin mai na NNPC bai saka dala biliyan 20 a asusun tarayya ba, ko da yake gwamnatin lokacin ta ce wasu dalilai ne daban suka sa ta ɗauki matakin. Ƙaramin akawu da ya ga haka, me kake tsammanin zai raya a ransa?

Kenan babu wata kariya ko kaɗan?

Akwai, amma a warwatse take cikin dokoki daban-daban. Yana da kyau ka san su.

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, a sashe na 27, ta kare jami'in gwamnatin da ya fitar da bayanin da yake da kyakkyawan dalilin yarda cewa yana nuna karya doka, almundahana, almubazzaranci da dukiyar jama'a, cin zarafin muƙami, ko babban haɗari ga lafiyar mutane. Ba za a yi amfani da Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 a hukunta shi a kan haka ba. Wannan na da muhimmanci, domin da rantsuwar riƙe sirri ake yawan tsorata ma'aikata.

Dokar da ta kafa ICPC, hukumar yaƙi da cin hanci, a shekarar 2000, da dokar EFCC ta 2004, duk sun tanadi ɓoye sunan wanda ya ba da bayani. Babban Bankin Najeriya kuma ya fitar da ƙa'idoji a 2014 da suka wajabta wa bankuna samar da hanyar kwarmato ta cikin gida. Idan kuma aka kore ka ba bisa ƙa'ida ba, akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda aikinta shi ne raba gardama tsakanin ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi aiki.

Matsalar ita ce kowace daga cikin waɗannan ta toshe ƙofa ɗaya ne ta bar sauran a buɗe. Wata ta hana a gurfanar da kai, amma ba ta yi maganar mayar da kai bakin aiki ba. Wata ta ɓoye sunanka, alhali a ofis mai mutum shida kowa ya san wa ke riƙe da fayil ɗin. Ma'aikacin ƙaramin kamfani ko makaranta mai zaman kanta kuwa, kusan ba shi da inda zai dafa.

Me cikakkiyar doka ya kamata ta ƙunsa?

Ƙasashen da suka riga mu sun nuna abubuwan da ba a yi sai da su.

Na farko, hanya mai sauƙi ta kai rahoto. Ghana ta kafa tata dokar a 2006, kuma ta yi la'akari da yadda mutane ke rayuwa. Bayan 'yan sanda da babban lauyan gwamnati da babban mai binciken kuɗi, dokar ta amince ka kai bayani ga basarake, ko shugaban addini, ko dattijon danginku, shi kuma ya miƙa gaba. An yarda a faɗa da baki. Idan mutum bai iya karatu ba, a rubuta, a karanta masa da harshen da yake ji, sannan ya dangwala yatsa. 'Yan uwanmu mazauna zangon Kumasi da Accra suna ƙarƙashin wannan doka.

Na biyu, wa'adin amsa. Dokar Tarayyar Turai ta 2019 ta wajabta wa duk kamfanin da ke da ma'aikata 50 ko fiye ya buɗe hanyar karɓar rahoto, a sanar da mai rahoton cikin kwana 7 cewa saƙonsa ya iso, a kuma gaya masa matakin da aka ɗauka cikin wata 3.

Na uku, juya nauyin kawo hujja. A al'ada, wanda ya kai ƙara shi zai tabbatar da abin da yake zargi. Amma ta yaya ƙaramin ma'aikaci zai tabbatar da abin da ke zuciyar shugabansa? Don haka dokar Turai ta ce idan ka kai rahoto sannan wani abu ya same ka a wurin aiki, shugaban ne zai gamsar da kotu cewa matakin nasa ba ramuwa ba ne.

Na huɗu, gyara ɓarnar da aka yi: mayar da mutum aikinsa, biyan albashin da aka riƙe, da diyya. A Birtaniya, diyyar wanda aka kora saboda fallasa ba ta da iyakar da aka ƙayyade, saɓanin korar yau da kullum.

Na biyar, hukunci a kan mai ramuwar gayya da kan jami'in da ya fallasa sunan mai rahoto.

Na shida, kare rai. Afirka ta Kudu na da doka tun shekarar 2000, amma ta fi mai da hankali kan abin da ke faruwa a ofis. A ranar 23 ga Agusta, 2021, 'yan bindiga suka harbe Babita Deokaran a ƙofar gidanta a Johannesburg, bayan ta dawo daga kai 'yarta makaranta. Babbar jami'ar kuɗi ce a ma'aikatar lafiya ta lardin Gauteng, kuma ta ja hankali kan biyan kuɗaɗen da ba ta yarda da su ba a asibitin Tembisa. An ɗaure mutum shida a 2023 kan kisan. Dokar da ba ta tanadi tsaro da sauya wa mutum matsuguni idan rayuwarsa na cikin haɗari ba, ba ta cika ba.

Idan maƙaryaci ya yi amfani da dokar don ya ɓata wa wani suna fa?

Wannan damuwa ce ta gaskiya, musamman a wurin da hassada da siyasar ofis suka yi yawa. Doka mai kyau tana kare ɓangarorin biyu. Rahoto ba hukunci ba ne, mafarin bincike ne kawai, kuma wanda ake zargi na da haƙƙin a saurare shi.

Ma'aunin da ake amfani da shi shi ne kyakkyawan dalili. Idan abin da ka gani zai sa kowane mai hankali ya yi zargi, kana cikin kariya ko da bincike ya nuna akwai bayanin da ba ka sani ba. Amma wanda ya shirya ƙarya da gangan ba shi da kariya. Dokar ICPC ta mai da ba da bayanin ƙarya laifi, kuma bayan fara tsarin 2016 an gurfanar da wasu a kotu saboda sun tura jami'ai gidajen mutane da labarin ƙanzon kurege.

Nawa abin ke ci, kuma wa zai biya?

Kai rahoto kyauta ne. Duk wanda ya nemi ka ba shi wani abu kafin ya karɓi ƙorafinka, shi ma ya aikata laifi. Tsadar tana zuwa ne daga baya: kuɗin lauya, watannin zama babu albashi, kuɗin makarantar yara, wani lokaci har da ƙaura. A yanzu a Najeriya duk wannan a wuyan mai kwarmaton yake, alhali dokar Ghana ta tanadi taimakon lauya ga wanda aka muzguna wa.

A ɓangaren gwamnati, za a kashe kuɗi wajen kafa ofis, ɗaukar masu bincike da ba da tsaro. Amma abin da ake ƙwatowa ya ninka haka. Amurka na da wata doka tun 1863, zamanin Shugaba Abraham Lincoln, da aka yi saboda 'yan kwangilar da ke cutar sojoji da ruɓaɓɓun kaya a lokacin yaƙin basasa. A yau tana ba ɗan ƙasa damar shigar da ƙara a madadin gwamnati, a ba shi kashi 15 zuwa 30 cikin 100 na abin da aka ƙwato. A shekarar kuɗi ta 2023 kaɗai, gwamnatin Amurka ta samu sama da dala biliyan 2.6 ta wannan doka, mafi yawansu daga ƙararrakin masu fallasa. Kamfani ma riba yake ci, domin ma'aikacin da ya gaya wa mai kamfani cewa manaja na sata ya cece shi daga karyewa.

Ina batun karramawa?

Doka na iya mayar da mutum ofis, amma ba za ta tilasta wa abokan aikinsa su amsa masa gaisuwa ba. Shi ya sa karramawa ke da muhimmanci: tana gaya wa matasa masu tasowa wane ne abin koyi.

A Amurka, Majalisar Dattawa tana ayyana 30 ga Yuli a matsayin ranar yaba wa masu fallasa, don tunawa da ƙudirin da aka zartar a irin wannan rana a 1778, bayan wasu sojojin ruwa sun kai ƙarar kwamandansu kan azabtar da fursunonin yaƙi. A 2002, mujallar Time ta zaɓi mata uku masu fallasa a matsayin gwarazan shekara: Sherron Watkins ta kamfanin Enron, Cynthia Cooper ta WorldCom, da Coleen Rowley ta hukumar FBI. A duniya kuma ana bikin ranar masu fallasa a 23 ga Yuni.

Sai dai lambar yabo kaɗai ba ta ciyar da iyali. David Munyakei ƙaramin ma'aikaci ne a Babban Bankin Kenya, shi ya fitar da takardun da suka tona badaƙalar Goldenberg, inda aka riƙa biyan maƙudan kuɗi da sunan fitar da zinare da lu'ulu'un da babu su. An kore shi daga aiki. A 2004 ƙungiyar Transparency International ta ba shi lambar yabo ta riƙon amana. A 2006 ya rasu cikin talauci, ba a mayar da shi aikinsa ba. Karramawa ta gaskiya tana farawa ne da tabbatar da cewa mutum bai rasa abincinsa ba.

Idan ka ga wani abu a wurin aikinka, me ya kamata ka yi?

Ka fara da tabbatarwa. Ka raba abin da ka gani da idonka da abin da ka ji a bakin wasu. Ka rubuta kwanan wata, adadin kuɗi, lambar takarda da sunan wanda ya sa hannu, a littafin da kake ajiyewa a gida.

Kada ka saci takardu na asali, kada ka shiga kwamfutar da ba a ba ka izini ba. Yin haka zai ba su damar mai da kai mai laifi, a manta da ainihin maganar.

Ka nemi shawarar lauya kafin ka motsa. Akwai ƙungiyoyi masu taimaka wa masu kwarmato, irin su AFRICMIL da ke Abuja da PPLAAF mai aiki a ƙasashen Afirka.

Ka zaɓi inda za ka kai. Idan wurin aikinka na da amintacciyar hanya kuma wanda ake zargi ba shi ke riƙe da ita ba, za ka iya farawa daga nan. In ba haka ba, akwai ICPC, EFCC, Ma'aikatar Kuɗi, da Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a. Wasu jihohi, kamar Kano, suna da tasu hukumar karɓar ƙorafi da yaƙi da cin hanci.

Kada ka yi amfani da wayar ofis ko imel ɗin ofis. Kada ka baza maganar a majalisar hira ko a zauren WhatsApp. Ka yi hattara da wallafa zargi a Facebook, domin ana iya maka ka a kotu kan ɓata suna.

Ka auna batun ɓoye suna. Ɓoyewa ta fi aminci, amma tana wahalar da masu bincike idan suna son ƙarin bayani, kuma tana iya kawo cikas wajen karɓar tukuici. Hanya ta tsakiya ita ce jami'in da ke bincike ya san ka, amma a rubuce ka nemi a sakaya sunanka.

Ka adana shaidar cewa ka kai rahoto da ranar da ka kai, da takardun da ke nuna yadda ake yaba aikinka kafin nan. Idan muzgunawa ta biyo baya, su ne za su nuna wa alƙali daga inda abin ya faro.

Idan kai ba ma'aikaci ba ne, me ya shafe ka?

Kuɗin da ake sacewa na rijiyar unguwarku ne, da ajin da 'yarka ke zaune a ƙasa, da fanshon mahaifinka. Wanda ya yi magana, a madadinka ya yi. Kana da wakili a Majalisar Wakilai da sanata a Majalisar Dattawa. Idan sun zo neman ƙuri'a ko suka shiga shirin rediyo da ake buga waya, ka tambaye su ina suka tsaya kan dokar kare masu kwarmato. Ƙungiyoyin ƙwadago, malaman addini da sarakuna ma suna da murya a wannan magana. Idan kuma wani a danginku ko unguwarku ya faɗi gaskiya a wurin aikinsa aka juya masa baya, kada ka shiga sahun masu cewa shi ya jawo wa kansa. Ka ziyarce shi, ka taimaka wa iyalinsa da abin da za ka iya, ka raka shi kotu idan an kai can.